Kwarashi Da Ulu Sun Iso, Saura Mai Koyarwa

A rangadin da muka yi na duba makarantu da azuzuwan manya a ƙasar Birnin Gwari, bayan ɗaukewar ruwa, mun sauka wani gari inda a ke da ajin matan aure. Da muka gama duba rajista da littattafai, muna shirin tashi, sai malamar ajin ta ce akwai abin da ta ke so mu gani da idonmu. Ta kai mu ɗakin ajiya, ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ta kaɗe masa ƙura, ta buɗe. Cike ya ke da ƙananan jakunkunan leda. Cikin kowace akwai dunƙulen ulu biyu, da kwarashi ɗaya, watau ɗan tsinken ƙarfen nan mai ƙugiya a baki wanda a ke saƙa da shi, da allura mai kauri, da ɗan abin cusawa mai kama da auduga, da wata takarda mai hoton zomo. Waɗansu masu taimako ne suka zo da su daga birni. Aka tara mata, aka yi jawabi, aka raba, aka ɗauki hoto, baƙi suka juya tun kafin la'asar don kada dare ya yi musu a hanya.

Ba a yi wata guda ba sai kaya suka fara komowa ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya ce a komo da su. Mace ta kan zo ne ta ajiye a gefen tebur, ta gai da malama, ta fita ba ta ce kome ba. Muka buɗe waɗansu muka duba. Wata ta yi sarƙa tsawon kamu guda ta tsaya. Wata ulunta ya cukurkuɗe, ya yi dauɗa saboda yawan saƙawa da warwarewa. Wata kuwa ta saƙa wani abu da ya fara da faɗin tafin hannu ya ƙare da tsini kamar harshen mashi. Zomo dai ko kunnensa ba mu gani ba.

Cikin waɗanda suka komo da nasu akwai wata da aka kashe mijinta a gona, ta baro ƙauye da 'ya'ya huɗu. Malama ta sa aka kira ta, muka tambaye ta abin da ya hana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai kaina ba ya ɗauka. Tun ina yarinya aka ce ba ni da kan karatu, ashe hannun ma haka ya ke." Ga shi kuwa an gaya mana duk unguwar babu mai kitso kamarta, faifan da aka rufe mana ruwan sha da shi ma ita ta saƙa. Wannan magana tata ce ta sa muka ɗauki alƙalami, gama kyautar da za ta bar mai hannu irin wannan tana ganin kanta daƙiƙiya, lalle ta isa a tsaya a dube ta.

Me Ya Kawo Zomon Ulu Bakin Daji?

Wanda bai san ƙasar ba zai so a ɗan yi masa bayani. Birnin Gwari tana yamma da Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120, a kan hanyar da ta bi ta Tegina ta nufi kudu. Ƙasa ce ta masara da dawa da kiwo, ga kuma zinariya a ƙarƙashinta. A cikinta ne dajin Kamuku ya ke, wanda En'e ta keɓe tun shekarar 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mai da shi gandun ƙasa a 1999. Girmansa ya fi murabba'in kilomita 1,100, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Wannan daji da aka keɓe domin namun dawa, shi ne ɓarayi suka mai da mafaka shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 sun kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana ɗaya. A watan Maris na 2021 sun shiga wata makarantar firamare ta ƙasar suka tafi da malamai uku. Sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe, hanya kuma ta ɗan samu.

Duk inda aka kashe magidanci an bar mace da yara. Irin waɗannan mata ne suka cika gidajen dangi a manyan garuruwa, su ne kuma masu taimako su ke nufi in sun zo da kayan koyon sana'a. Ba mu ga laifin wanda ya tuna da kwarashi ba, domin kuwa sana'a ce da ta dace da halin da a ke ciki. Jarinta kaɗan ne. Ba ta son lantarki. Mai takaba da mai jego duk suna iya yi a ɗaka, a ajiye a duba tukunya, a komo a ɗauka. Wata tsohuwa ma ta ƙara mana da abin da ba mu yi tunani ba, ta ce in gudu ya kama ana ƙulle kwarashi a bakin zane, amma ba wadda ta taɓa gudu da keken ɗinki a kai. To, niyya ta yi kyau, zaɓin sana'a ma ya yi. Abin da aka manta shi ne mu ke so mu nuna.

Mun Gwada Da Hannunmu

Ba mu so mu yanke hukunci a kan abin da ba mu taɓa ba, saboda haka muka roƙi malama ƙunshi ɗaya muka tafi da shi masauki. Kada mai karatu ya yi dariya. A ƙasarmu tun kaka da kakanni maza ke ɗinkin hula da aikin babbar riga, zare bai taɓa zama abin kunya ga namiji ba. Muka zauna bayan sallar isha'i, ga fitila, ga takarda, ga shekarun da muka yi a kwalejin horon malamai, ga Turanci daidai gwargwado. Dare uku muna fama. Abin da muka fitar bai fi na matan kyau ba, sai dai ya fi nasu dauɗa.

Ga inda wuyar ta ke. Saƙar kwarashi duk zarge ɗaya ne a kan ƙugiya. A jawo zare ta cikin zarge, sabon zarge ya fito, a sake jawowa, haka har a gama riga. A baki abu ne mai sauƙi. Amma hannuwa biyu ne su ke aiki biyu dabam a lokaci ɗaya. Dama tana juya kwarashi. Hagu tana riƙe da saƙar, tana kuma sakin zare ta kan yatsa, kada ya yi tauri, kada ya yi sako-sako. Wannan awo na sakin zare shi ne ran sana'ar, kuma ba ya rubutuwa a takarda, kamar yadda ba a iya rubuta wa yarinya yawan ƙarfin da za ta murza mazari da shi in tana kaɗi. Sai yatsa ya ji da kansa. Sabon shiga tsoro ya kan sa ya matse, idanun sarƙar su ƙuntace, in ya juyo zai shiga cikinsu ƙugiya ta ƙi shiga. Ya tura da ƙarfi, zare ya tsage biyu, ya warware, ya sake. Gumi ya jiƙa ulu, ulu ya ƙara tauri.

Abin da ya fi ba mu mamaki, mu da mu ke malamai, shi ne mafi wuyar aikin nan yana farkonsa. A kwaleji an koya mana a bi da yaro daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba. Kwarashi kuwa ya juya wannan ƙa'ida. Layin farko shi ne azaba, gama babu abin riƙewa sai siririyar sarƙa mai murɗewa a hannu. In an kai layi na biyar saƙa ta yi jiki, yatsu sun sami makama, idanu sun buɗe, aiki sai gudu. Watau babban dutsen yana bakin ƙofa ne, daidai lokacin da mai koyo bai san kome ba, bai kuma ga wani abin da zai ƙarfafa masa zuciya ba. Mafi yawan waɗanda suka bari a nan suka bari. Da an ɗauke su an ƙetarar da su wannan wuri, da sun wuce.

Sa'an nan akwai karatun idanun saƙa. Gwana tana duba layi ta ga kowane ido dabam, ta ƙidaya shi. Mai koyo kuwa dunƙule ɗaya ya ke gani. Idon ƙarshe na kowane layi ya kan ɓuya a gefe, in aka tsallake shi layi ya ragu da ɗaya, na gaba ya sake raguwa, shi ya sa abin da aka fara da faɗi ya ke ƙarewa da tsini. Matar da ta saƙa harshen mashi kuskure ɗaya tak ta yi, ta yi ta maimaita shi. Da akwai mai sani kusa da ita, da yatsa ɗaya za ta nuna mata, shi ke nan. Ulun da aka zaɓa ma bai taimaka ba. Ɗaya dunƙulen mai duhu ne, wanda ko da rana da ƙyar a ke ganin idonsa, balle da fitila. Murjinsa kuma sako-sako ne, yana tsagewa. Ulu mai matsakaicin kauri kwarashi mai milimita 4 ko 5 ya ke so, amma wanda aka sa a ƙunshin siriri ne, irin na lallausan zare. Wanda ya haɗa kayan nan muna zaton bai taɓa saƙa ko hula ba.

Takardar kuwa da Turanci aka rubuta ta, Turancin ma ba na magana ba, na taƙaitattun haruffa da lambobi, kamar takardar likita. Ko wanda ya ji Turancin akwai tarko a gabansa, gama Amurka da Ingila ba su daidaita a kan sunaye ba. Ɗaurin da Amurkawa su ke kira guda, a Ingila biyu a ke ce masa, wanda Amurkawa su ke kira biyu kuma a Ingila uku ne. In takarda ba ta faɗi ta wace ƙasa ce ba, sai mutum ya bi ta daidai, ya fitar da abu ba daidai ba. A ƙasan takardar an ce wanda bai gane ba ya duba bidiyo a intanet. To, wannan sai mai babbar waya da kuɗin data, a inda akwai sabis. Mutanen Birnin Gwari ba su manta ba, a ƙarshen watan Satumba na 2021 Gwamnati ta rufe layukan waya a yankin saboda yaƙi da ɓarayi, aka yi kimanin wata biyu ba kira ba saƙo. Ko da sabis ɗin ma, bidiyo yana nuna maka hannun gwani ne, ba ya ganin naka.

Zomon kansa kuma salon 'yan tsanar ulu ne da ya yaɗu daga Japan. Ana fara shi da wani zobe na zare da a ke saƙawa a ciki sa'an nan a ja ya tsuke, yana kuwa daga cikin abubuwan da suka fi ba sabon shiga wahala. A ce ma an gama shi, wa zai saya? Uwar da ke neman kuɗin awo ba za ta sayi zomon da ba a ci ba. Idanun roba da a ke maƙala masa ma ba a so a bar su kusa da yaro ɗan ƙasa da shekara 3, don kada ya ciro ya haɗiye.

"Ai Faifai Ne"

Kafin mu bar garin muka shawarci malama ta bincika ko akwai wadda ta iya. Ba a sha wuya ba. Akwai wata tsohuwa a bayan kasuwa, wadda ta koya tana yarinya a makarantar kwana ta 'yan mata, zamanin da a ke ba aikin gida muhimmanci. Shekara da shekaru ita ke saƙa wa jikokin unguwa hula da safa. Ranar da aka raba kaya ba wanda ya gayyace ta.

Da muka komo bayan 'yan makonni, mun tarar da ita a tsakiyar mata shida a kan tabarma, muka zauna gefe muka ga yadda ta ke yi. Takarda dai ta ture ta gefe. Ulu mai duhu ta ce a ajiye sai hannu ya faɗa. Kwarashi ta sa an sayo masu kauri a kasuwa. Sa'an nan ta kan ɗauki zare ta fara da kanta, ta saƙa zagaye uku, ta miƙa wa mai koyo abu mai jiki, ta ce ta ci gaba. Ta kan zauna kafaɗa da kafaɗa da mace, don hannuwansu su fuskanci wuri ɗaya, wani lokaci ta ɗora yatsunta a kan nata. Akwai bahaguwa ɗaya a cikinsu. Ita ba ta ce ta sake hannu ba, kamar yadda mu kan tilasta wa yara a aji, Allah ya yafe mana, sai ta zaunar da ita a gabanta ido da ido, ta ce ta kwaikwaye ta kamar mai duba madubi.

Da ta zo kan mai kitson nan sai ta dubi saƙar, ta dube ta, ta ce, "'Yar nan, ba ke ce mai faifai ba? Ai faifai ne. Daga cibiya a ke farawa, a yi ta zagayawa." Matar ta yi shiru, ta juya abin a hannunta, sai muka ga fuskarta ta sake. Daga nan tsohuwa ta ba ta lissafi: zagaye na farko ido 6, na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24, kullum ƙarin shida. In ƙari ya gaza, saƙa ta ƙoƙe kamar ƙoƙo. In ya yi yawa, bakin ya tattare. In kuwa hula a ke so, da faifai ya kai faɗin da ya kamata sai a daina ƙari, shi da kansa zai lanƙwaso ya sauko. Muka tambaya yaya a ke sanin faɗin. Ta ɗauki zare ta zagaya kan wani jariri da ke goye, ta naɗe zaren gida uku, ta ce kashi ɗaya shi ne faɗin faifan, a ɗan rage don ulu yana miƙewa. Kan sabon haihuwa kewayensa wajen santimita 35 ne, watau faifai ya tashi kamar santimita 10 ko 11. Wannan fa shi ne lissafin da'irar nan da mu ke rubutawa a allo, 22 bisa 7, yara suna hamma.

Muka ce mata, "Inna, me ya sa ki ke fara musu da kanki? Ba kya tsoron su saba, su kasa farawa?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, kai ranar da aka kai ka makarantar allo, kai ka rubuta allonka?" Ba mu da amsa. Malam ne ya ke rubuta wa ƙaramin yaro, ya biya masa, sai hannu da baki sun nuna sa'an nan a ba shi tawada. Farawa ma ta ce za ta koya musu, amma sai kowace ta gama hula biyu. A zama na uku mai kitso ta gama tata ta farko. Ta ɗan karkace, ko da haka ta sa wa autanta, ta fita da shi goye tana bi ta tsakiyar unguwa.

Abin da tsohuwar nan ta ke yi kyauta, a wata ƙasa dukiya a ke tarawa da shi. Wani kamfani a Amurka mai suna The Woobles, wanda ya fara a 2020, ya yi suna da sayar da ƙunshin koyon kwarashi, kuma babbar dabararsa ita ce a aiko wa mai saye saƙar an riga an fara masa, da zare wanda ba ya tsagewa, da bidiyo dabam domin bahago. Watau su ma sun gane ƙunshi ba ya koyarwa, sai an cusa masa ɗan wani abu na hannun malami.

Tarihin sana'ar ma haka ya nuna. Ba tsohuwa ba ce can-can, gama a farkon shekarun 1820 aka fara buga bayaninta a wata mujallar ƙasar Holan, sunan kuma daga Faransanci ya ke, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya, mu muka mai da shi kwarashi. Inda ta yi babban amfani shi ne ƙasar Ailan, lokacin yunwar da ta fara a 1845, sa'ad da cuta ta cinye dankalin Turawa, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. An ceci gidaje da yawa da saƙar kwarashi. Amma ba kaya aka raba aka tafi ba. A garin Clones wata mata mai suna Cassandra Hand ta sa aka zo da malama takanas ta zauna tana koya wa matan ƙauyuka, ita kuma ta nemo musu masu saye a birane. Malama da kasuwa, su suka yi aikin.

A gida ma mun ga duka fuska biyu. Da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, masu sana'a na gari ya ɗauko su koyar a sashen aikin hannu. Amma da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, Gwamnati ta sayo injunan koyon fasaha masu tsada daga ƙasashen gabashin Turai, aka rarraba wa makarantun sakandare. Da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, babu ɗakin aiki, babu lantarki, babu malamin da ya san kansu. Waɗansunmu a kan irin akwatunan nan muka zauna muka ci abincin tara muna yara. Kwalin ulun nan ƙanen waɗancan akwatuna ne.

Kada A Yi Wa Mata Alkawarin Da Ba Zai Cika Ba

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya game da kuɗi, gama a wurin jawabi an gaya wa matan nan za su dogara da kansu. Saƙar kwarashi ta ainihi har yanzu hannu ke yin ta, injunan masaƙu kwaikwayonta kawai su ke yi. Wannan shi ne darajarta, shi ne kuma nauyinta, domin aiki ne mai cin lokaci, ga kayan inji da na gwanjo a kasuwa sun fi araha. Ulun ma ba gashin tumaki ba ne, na roba ne, daga Kaduna ko Kano a ke kawo shi, kuɗin mota yana kansa. Abin da ya ke tafiya shi ne kayan jarirai, hula da safa da rigar sanyi da mayafi, musamman na kai wa barka da suna, kasuwarsu kuma lokacin hunturu ce, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wadda ta ke so ta ci wannan kasuwa tun da damina za ta fara tari. Sana'ar tana kawo kuɗin sabulu da cefane da littafin yaro, amma ba mu ga alamar za ta riƙe gida mai mutum biyar ita kaɗai ba, sai a haɗa da kitso ko ƙuli-ƙuli ko kiwon kaji. A kuma gargaɗi iyaye, ulun roba yana narkewa in ya taɓa wuta, ya manne a fata. Kada a zaunar da yaro mai rigar ulu dab da murhu da sanyin safiya.

To, ga roƙonmu ga masu taimako da ma'aikatan ilmi 'yan'uwanmu. Kafin a sayi ko dunƙule ɗaya, a tambaya wa ya iya a garin. Da wuya a rasa. A yanka mata ɗan alawus daga cikin kuɗin da za a kashe a leda da buga takarda da hayar rumfa, ta zauna da mata biyar ko shida, sau biyu a mako, har wata biyu. A sayi kaya a kasuwar da matan za su iya komawa in nasu ya ƙare, ulu mai haske da kwarashi mai kauri. A fara da faifan ɗora kwano, a bi da hular jariri. In za a rubuta takarda, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, ta zama abin tuni ga wadda ta riga ta iya. Kwalejojinmu kuma, ɗalibar aikin gida kada a ba ta maki a kan kyan abin da ta saƙa kaɗai, a kawo mata wadda ba ta taɓa riƙe kwarashi ba, a ga ko za ta ƙetarar da ita layin farko.

Mu ma muna da namu laifin. Rahoton da ya iso ofishinmu bayan rabon ya faɗi yawan ƙunshin da aka raba da yawan matan da suka halarta, muka sa hannu, muka rubuta an yi nasara. Ba mu tambayi mace nawa ce ke saƙa bayan wata uku ba, gama babu gurbin wannan tambaya a takardar. Yanzu mun ƙara shi da alƙalami a ƙasan tamu.

Tsohuwar dai har ranar da muka baro garin ba a biya ta ko kwabo ba, idonta kuma ya fara hazo, ƙidayar ido ma da yatsa ta ke lalube. Mun rubuta a ba ta alawus, muna jiran amsa. Ta riga ta sa mai kitso da bahaguwar nan su riƙa zama da sababbin shiga, ita tana gefe tana gyara. Kwalin ya yi rabi, ulun zomo ya koma huluna. Takardun kuwa malama ta tara su, yaran da ke biyo iyayensu aji suna koyon rubutu a bayansu.